Gumba a Kan Rigar Lauya

Har gobe ban manta da ranar da na fara tsayawa gaban alƙali a kotun Maraɗi ba. Duk sanda ta faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai a biro, wato ofishina, har sakatare ya leƙo ya ga ko lafiya. Tunda ku sababbin rantsuwa kun matsa sai kun ji dalilin tsohuwar rigar da nake ɓoyewa a akwati, ba na sawa kuma ba na ba da aronta, to ku gyara zama.

Ga wanda bai san aikin ba, in mutum ya gama karatun shari'a, ya ci jarrabawar shiga aikin lauya, ya yi rantsuwa, ba a sakar masa biro nan take. Sai ya zauna ƙarƙashin wani babban lauya ya koyi aiki tukuna. Amma tun daga ranar rantsuwa ana kiransa Metir, kuma ba ya buɗe baki gaban kotu sai da baƙar riga mai faɗin hannu, da wani ɗan farin ƙyalle da ke saukowa daga wuya zuwa ƙirji. Farin ƙyallen muna ce masa raba. Lauyan da ya zo ba su, ko ya haddace dokokin duniya, ɗan kallo ne a ranar.

Ni 'yar wani ƙauye ce a bayan Tibiri, gidan azna, zuriyar mahalba. Da baka da kibiya aka san kakannina, kuma har yau akwai jigo a tsakar gidanmu, itacen nan da ake kafawa ana ba iskokin gida abinsu a gindinsa. Ina salla tun ina koleji, amma gidanmu dai gidanmu ne. A jami'a a Yamai, duk ajinmu ba wanda ya fito daga irin gidan sai ni. Abokan karatu kan tsokane ni, wai ba ni ke cin jarrabawa ba, iskoki ke rubuta mini. Nakan ce su ma su je su nemi nasu, tunda nawa sun iya faransanci. Ranar da na yi rantsuwa an wuni ana kiɗa a ƙauyenmu, ko da yake rabin masu rawar sun ɗauka alƙali na zama, sauran kuma sun ɗauka jandarma.

Metir Isufu ne babban lauyan da nake ƙarƙashinsa, shi ya miƙo mini dosiyena na farko, wato takardun shari'ar da zan fara tsayawa a kanta. Wani manomin rani ne a Jiratawa, sunansa Habu. Maƙwabcin gonarsa ya kai ƙara cewa injin ban-ruwan da ke hannun Habu nasa ne da aka sace. Habu ya yi watanni a gidan kaso yana jiran shari'a. Shaida ɗaya muke da shi, makanikin da ya yi wa injin walda da hannunsa tun kafin a yi satar. Shi kuwa makanikin ya riga ya ɗaure kayansa, zai tafi arewa wajen haƙar zinariya washegarin shari'a. Ga hutun kotu ya ƙarato, ga hadari ya fara haɗuwa. In aka ɗage shari'ar nan, shaida ya tafi, damina ta wuce, Habu na zaune a kaso.

Wan Habu, Malam Ilya, limamin unguwarsu ne. Ya zo biro da farin rawaninsa, ya zauna, ya dube ni ta gefen ido.

"Metir," ya ce wa maigidana, "ba mu ƙi ba, amma yarinyag ga za ta iya? An ce muna ɗiyar azna ta."

Metir Isufu ya ce, "Ɗiyar azna ta, Malam, kuma ni na zaɓe ta. Ni ran nan ina Damagaram da wata shari'a. Ko ita, ko ku jira bayan hutu."

Malam Ilya ya juyo gare ni ya ce, "To, Madam, Allah shi ba da sa'a." Madam ya ce, ba Metir ba, kuma na ji ta har cikin raina.

Ana gobe shari'a sai ga kakata, Kaka Jimma, uwar babana, ta sauka a ɗakin da nake haya a Sabon Gari, wai ta zo ganin jikarta tana faɗa da gwamnati. Ta tarar na goge rigar na rataye ta, sabuwa fil, sai sheƙi take. Ta zagaya ta, ta murza yadin da yatsa.

"Wagga ita ta rigar halbin?"

"Kaka, ba farauta za ni ba, kotu za ni."

"Akwai wanda za ki kayar?"

"Akwai."

"Akwai mai jiranki gida ki zo mishi da abin da kika samo?"

"Akwai."

"To halbi na," ta ce, ta koma kan tabarma ta ci gaba da tauna goronta.

Na yi dariya na bar maganar. Da na san abin da ke cikin kan tsohuwar nan, da a ƙarƙashin katifa rigar ta kwana.

Da safe na fito daga wanka, ba riga, ba Kaka. Maƙwabciyata ta ce ai tun asuba ta ga tsohuwa ta tsai da kabu-kabu, babur ɗin haya, da ƙunshi a hammata. Nan take na gane. A gidanmu mahalbi ba ya shiga daji da sabuwar rigar farauta sai an kai ta gindin jigo, an turara ta da hano, an fesa mata ruwan gumba. Ni da na haddace dokar ƙasa, na manta da dokar gidanmu.

Na kira Metir Isufu. Ya yi dariya har da tari. Rigarsa tana tare da shi a Damagaram, lauya ɗaya kuma da zai zauna kotu ranar shi ne na wanda ya kai mu ƙara. Da ya samu numfashi ya ce, "Zan roƙi magatakarda shi maida dosiyenki ƙarshe. Sauran ya rage naki da kakarki. Ki ruga."

Na haye kabu-kabu da takalmi mai tsini da jakar dosiye a ƙirji, muka ɗauki hanyar Tibiri. Tun daga bakin ƙauye na hango hayaƙi a gidanmu. Na shiga na tarar an shimfiɗa rigata a kan jigo, hannuwanta a buɗe kamar abin korar tsuntsaye a gona. Tsofaffin unguwa sun kewaye ta. Kaka ta guntsi ruwan gumba, kumatu sun cika, tana fesawa. Ta yi gaba, ta yi baya, ba ta bar ko hammata ba.

"Kaka, kin kashe ni."

"Ban kashe ki ba, na dai gama. Ɗauki abinki."

Baƙar riga ta koma kamar zabuwa. Na sa gefen zane in goge, ɗigon ya zama shafe, sai na ƙyale. Ina jujjuya ta sai na ga ba raba. Na ɗaga kai, ga shi can an ƙulle shi a kan jigo yana kaɗawa.

"Wanga hwarin ƙyalle na masu gida na," in ji Kaka, tana nufin iskokin gidan. "Telan da ya ɗinka rigag ga ɗan mutunci na, ya san al'ada, shi ya sa ya haɗo da rabonsu."

Na miƙa hannu zan kwance. Babana, da ke zaune a gefe, ya ce a hankali, "Larai, abin da anka ba su ba a amsa." Na dubi fuskarsa, na dubi tsofaffin nan da suka bar dakansu suka zo saboda ni. Haushi ya cika ni, dariya kuma tana neman ƙwace mini, amma hannuna ya ƙi kaiwa. Na naɗe rigar na juya. Kafin in zauna daidai a kan babur, Kaka ta riga ta ɗare bayana ta riƙe ƙuguna.

Mu uku muka dawo Maraɗi. Ni ina maimaita ayoyin doka a zuci, ita tana gaida duk wanda muka wuce, tana shaida masa jikarta za ta halbi. Wani mai amalanke ya ce a rage masa nama.

A ƙofar kotu, gindin dogon yaro, na tarar da Malam Ilya yana kai da kawowa da carbi. Makaniki na zaune kan benci yana duba agogo. Saura dosiye ɗaya a kira namu. Malam ya matso, ya shaƙi iska, ya tsaya.

"Madam, hano nika ji?"

Na gaya masa komai a gurguje, don ba lokacin ɓoye-ɓoye. Na ce riga ga ta, ko da ɗigo-ɗigo za ta shiga, amma ba raba ba zan iya tsayawa ba, kuma in ban tsaya ba za a ɗage. Ya dubi rigar, ya dubi Kaka, ita ma ta dube shi ido cikin ido tana tauna goro. Na ce a raina shi ke nan, yau liman zai yi mini wa'azi a bainar jama'a.

"Yaya girman ƙyallen?" ya ce.

Na gwada masa da tafin hannu. Ya warware jelar rawaninsa, ya karɓi almakashi wurin mai yankan farce da ke zaune bakin ƙofa, ya datse. Ya miƙo mini.

"Rawani a sai wani. Habu ƙanena na, ciki ɗaya."

Kaka ta zare fil daga kallabinta, ta ninke ƙyallen ta maƙala mini a wuya, ta buga ƙirjina sau biyu kamar mai gwada kankana. Ana kiran dosiyenmu na shiga.

Alƙalin dattijo ne mai tabarau a kan hanci. Ya dube ni tun daga wuya har ƙasa. Ƙamshin hano ya cika kotu, har mai gabatar da ƙara ya yi atishawa.

"Metir, fenti ake yi a bironku?"

"A'a, ranka ya daɗe. Kakata ce ta sa albarka."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Kotu ba ta san wata doka da ta hana albarkar kaka ba. Muna saurarenki."

Tafinta ya juya maganar da Hausa, mutane suka tuntsire, Habu ma da ke tsaye tsakanin masu gadi ya yi murmushi. Tsoron da na kwana da shi ya tafi gaba ɗaya. Na ce a raina, wanda ya shigo kotu a zabuwa, me kuma ya rage ya ji kunyarsa? Na yi magana kamar ba ni ba. Na nemi a shigo da injin, aka shigo da shi. Makaniki ya faɗi inda waldarsa take a ƙarƙashi tun kafin a kifa shi, aka kifa, ga ta nan. Na tambayi mai ƙara ko an taɓa yi wa nasa injin walda, ya ce bai taɓa lalacewa ba. Lauyansa ya rufe ido. Alƙali bai ɗage ba, a zaman nan ya yanke cewa Habu ba shi da laifi.

Tafinta bai gama fassarawa ba Kaka ta rangaɗa guɗa daga bencin baya. Mai gadi ya raka ta waje da ladabi, ta ci gaba daga can. Ni kuwa ina tattara takardu ina dariya, hawaye na zuba a kan jelar rawanin liman.

Da na fito na tarar da su biyun gindin dogon yaro.

"Malam, ka ga aikin gumba," in ji Kaka.

"Allah ne ya yi, tsohuwa."

"Shi ɗin dai. Ni na ce wani?"

Ta ɓare goro ta ba shi rabi, ya karɓa. Sannan ya juyo gare ni da guntun rawaninsa, ya ce, "Metir, mun gode." Wannan kalma ta fi mini takardar jami'a daɗi a ranar. Da la'asar aka gama takardun sallama, Habu ya fito, kuma ya samu shukar damina.

Ga abin da ranar ta koya mini. Na farko, ana gobe shari'a ku kulle rigarku, ku sa mabuɗin a wuya, musamman in kuna da kaka. Na biyu, ku da kuka fito daga gidajen da ba a saba ganin lauya ya fito daga cikinsu ba, kuna nan cikinku, na san ku, kada ku ɗauka sai kun kankare gidanku daga jikinku kafin kotu ta saurare ku. Ni da gidanmu a ƙirji na shiga, da warinsa da ɗigonsa, kuma aka saurare ni. Mutanen da ke bayan rigar nan sun fi ku yawa, yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, kuma kowannensu zai ba da abin da yake da shi.

Bayan girbi, Malam Ilya da kansa ya ɗauko damin gero daga gonar Habu, ya kai har gidanmu a bayan Tibiri. Ina nan ranar. Ya yi sallama ya shigo tsakar gida, ya ga rabana a ƙulle kan jigo, rana ta cinye farinsa. Ya dube shi, ya ajiye damin a gaban Kaka. Ta sa aka sussuka, ta daka gumba da hannunta, ta zuba masa a ƙwarya. Ya yi bisimilla ya sha.

Kaka ta rasu, Allah ya sa ta huta. Rigar ban taɓa wanke ta ba. In na buɗe akwatin, har yanzu ina jin hano.