Hannun Daman Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da ƙanwata, za mu Kano dubiyar Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda aka sallamo daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki. An aiko mana cewa ta samu sauƙi. Tun daga tasha maza ke musu kan sabuwar gwamnatin farar hula. Wani ya ce yanzu za a gyara hanya, direba ya ce ramukan nan sun ga soja, za su ga na gaba ma. A Gwarzo muka sayi kaji biyu da zuma, tsadar ta sa ƙanwata salati.

Da hantsi muka shiga ta Kabuga, hotunan 'yan takara na nan a bango, ruwan sama ya koɗar da su. Tasi ta ajiye mu a Gwale, muka taka lungu.

Ban gane Gwaggo ba. Mace mai jiki a da, yau awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Ga kwanukan 'yan dubiya jere gefen gado, har da gurasa da alkaki. Matar ɗanta, yarinya mai ladabi, ta ce, "Wallahi Yaya, sau uku nake kai wa Hajiya abinci." Gaskiya ta faɗa. Takan durƙusa ta ajiye, ta saki labule ta fita, don ba a tsayawa kan suruka tana ci.

Da aka kawo tuwon rana sai na ƙi fita. Gwaggo ta dubi kwanon, ta dubi hannunta na dama da ke kwance kamar ba nata ba.

Na ce, "Gwaggo, ki ci da hagu mana. Lalura ce, Allah ya sani."

Da ƙyar maganar ta fito. "Ke! Da tsufana?"

Ashe duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta nuna masa kwanon ta ce bismillah. Kwano ya koma wayam, gida ya ce Hajiya tana ci.

Na dama mata kunun gyaɗa mai kauri, don ruwa ƙware ta yake yi. Cokali bakwai ta karɓa, rabi yana zubowa ta gefen baki, tana hawaye. Haka muka yi kwana uku.

Ranar komawa na kira matar ɗanta, na damƙa mata cokalin a gaban Gwaggo. Ita ta sunkuyar da kai, Gwaggo ta juya fuska bango. Har ƙanwata ta ce za mu rasa mota, cokalin bai kai baki ba.

Mun iso Funtuwa bayan la'asar, na kasa cin komai. A da nakan ajiye kwanon dubiya, in yi addu'a, in tafi ina ganin na sauke haƙƙi. Yanzu ba na tashi sai na ga maras lafiya ya haɗiye. Wanda ya karanta wannan ya sa Gwaggo a addu'a, Allah ya sa ta buɗe wa surukarta baki.