Tudun da Na Kai Bayan Ɗakin Inna

Shekarar da aka fara ɗibar yashi a bakin kogi ta bayan garinmu, ni ne na fara miƙewa a ƙofar masallaci na ce ba za ta saɓu ba. Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni, domin mutanen garinmu ba sa mantuwa, musamman in abin na dariya ne.

Ƙauye ne ƙarami a ƙasar Wudil, hanyar burji guda ta raba shi biyu. Da can abin da ke bin ta bai wuce jakuna da babura ba, sai ranar Juma'a a ga a-kori-kura ta kwashi 'yan kasuwa. Rana ɗaya direbobin tifa suka gano cewa ta cikin garinmu ne yanke mafi kusa zuwa kwalta. Daga nan muka shiga uku. Tun hantsi suke jerowa, su tafi wayam suna karaf-karaf, su dawo niƙi-niƙi da jiƙaƙƙen yashi suna gurnani. Kaji suka ƙare, awaki suka koyi tsallaka titi fiye da masu su.

Ni abin da ya dame ni ɗakin mahaifiyata ne. Soron ƙasa ne, bayansa na jingine da hanyar. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya gina shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta, shi ya yi yaɓen ciki da waje. Lauje ya taɓa gutsure masa ɗan yatsa, saboda haka duk inda ya shafa ƙasa sai ka ga sawun yatsu uku dogaye, ɗaya gajere. Bangon da ke saman gadon Inna cike yake da wannan sawu. Sau uku ina kawo mai siminti ya shafe bangon, sau uku tana ba shi fura ya sha ya koma.

Da tifofin suka yi wata biyu, sai bangon ya tsage daga sama, siririyar tsaga kamar zare. Inna ta zari tsinken tsintsiya ta gwada, bai shiga ba. Ta ce to, da sauƙi.

Ni ban ga sauƙi ba. Ina koyarwa a makarantar sakandare, ina da biro biyu a aljihu, kuma a lokacin na yi imani babu matsalar da kwamiti ba zai magance ba. Aka kafa kwamitin hana tifofi. Wani Alhaji mai kanti a bakin hanya ya zama shugaba, saboda shi ne mai benci. Ni na zama sakatare. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, daga “kai” sai “wannan”. Ranar da ta ji an ba ni muƙami ta samu mafita. Ta ce, “Sakatare, a zubo maka tuwon ko sai an yi taro?”

Matakin farko, muka tafi wajen shugabannin direbobin, mu bakwai, kowa da babbar riga. Suka shimfiɗa mana tabarma, suka kawo lemo mai sanyi, aka yi gaisuwa har da tambayar gonakin da ba su san inda suke ba. Babbansu ya dafa ƙirji ya ce ai iyayenmu iyayensu ne, daga yau tifa za ta riƙa wuce garinmu kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Muka taso muna sa musu albarka. A hanyar komawa tifa ta watsa mana ruwan kwatami, mu bakwai ɗin.

Mataki na biyu, allon gargaɗi ga direbobi a bakin hanya. Na rubuta da Hausa a sama, da Turanci a ƙasa, na tsaya a kan mai fenti har ya gyara mini waƙafi. Kwana huɗu allon ya yi a tsaye. A na biyar wata tifa ta kauce wa rami ta kwantar da shi. Har yau yana nan, mai shayi ya ɗora shi a kan bulo yana yanka burodi a kan Turancina.

Mataki na uku, muka gicciya gungumen maina a bakin gari, muka sa mutum biyu gadi. A nan muka gano cewa biyu daga cikin tifofin na surukin dagaci ne. In sun iso sai a ɗage gungumen har da jinjina. Sauran direbobin suka lura, kowa ya zo sai ya leƙo ta taga ya ce motar surukin ce. Kafin mako ya zagayo, surukin dagaci ya mallaki duk tifar da ke ƙasar Kano, masu gadi kuma suka yi ciwon baya.

Sai na kawo shawarar da na fi alfahari da ita: a yi tudun rage gudu, irin na cikin birni, amma babba, wanda direba zai gani ya tuna Allah. Kowa ya yarda. Rigimar ta tashi ne wajen inda za a yi shi. Liman ya ce ƙofar masallaci. Alhaji shugaba ya ce ƙofar kantinsa, wai don lafiyar masu sayayya. Wani dattijo ya ce shi ya girmi kowa, a yi a ƙofarsa ko ya fita daga kwamitin, alhali ba ya ciki. Tudu ya zama kamar sarauta. Ni kuwa na tashi na yi jawabi mai tsawo a kan haƙƙin tsofaffi da darajar uwa, na yayyafa Turanci nan da can, na rufe da cewa duk wanda ya hana a yi shi a bayan ɗakin Inna, in bango ya faɗi, alhakin na wuyansa. Na ci. Don kada a sake shawara bayan na juya baya, na rubuta a littafin taro cewa ba mai taɓa tudun sai da yardar kowa da kowa, na ja layi biyu a ƙasa.

Da yamma na shiga wajen Inna ina baza riga. Ta gama saurare tana tsince wake, sannan ta ce, “Sakatare, in motar ta hau tudun, a can sama za ta zauna?”

Na ce, “A'a Inna, saukowa za ta yi a hankali.”

Ta ce, “Da yashin?”

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya. Tsohon maginin garinmu ma ya tare ni a hanya ya ce, “Malam, ginin ƙasa ba ya tsoron gudu, duka yake tsoro.” Na gode masa irin godiyar da ake yi wa wanda bai yi boko ba.

Aka yi gayya, aka tara duwatsu da marmara, aka yi tudu har gwiwar yaro. Washegari na fito da kujera don in ga nasarata. Tifar farko ta taho da kaya, ta ja birki, ta hau a hankali yadda na faɗa. Sannan ƙafafun gaba suka sauka, dim. Na baya suka biyo, dim. Na ji shi a cikin haƙorana. A ɗakin Inna kwanukan jerenta suka amsa gaba ɗaya. Da can wucewa tifa take yi, ƙasa ta ɗan girgiza a manta. Yanzu kowace ɗaya sai ta tsaya ta doki gindin bangon sau biyu, kamar ana sakwara.

Cikin mako biyu tsinken tsintsiya ya shige tsagar har ya ɓace. Bayan wata guda Inna na sa yatsa. In na shigo gaishe ta, sai ta sa yatsan a tsagar, ta amsa gaisuwar a haka.

Na kira taron gaggawa na ce a rushe tudun. A nan na ga abin da ban lura da shi ba. Tun da tifofi suka fara tsayawa a wurin, kasuwa ta tsiro. Mai shayi ya dawo nan, mai rake ya zo, mai tsire ya kafa tukuba, gidaje uku na fitar da awara da ɗanwake. Alhaji shugaba ya buɗe reshen kantinsa a cikin baro. Kwamitin hana tifofi kaf, in ka cire ni, a jikin tifa yake cin abinci. Alhaji ya saurare ni da tausayi, sannan ya ce, “Malam sakatare, ɗan karanta mana abin da aka rubuta rannan.” Na karanta da bakina, har inda na ja layi biyu. Aka nemi yardar kowa da kowa. Mai tsire ya ce shi dai bai yarda ba.

Na koma na roƙi Inna ta dawo ɗakin bulo da na gina a cikin gida. Ta ce ita ba baƙuwa ba ce. Da damina ta kankama na dage, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya. Ta yarda ta riƙa kwana a can, amma wuni a ɗakinta. Na sa aka tokare bangon da azara biyu. Maginin ya zo ya duba, ya juya ya tafi, wannan ya fi mini ciwo.

An kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu da hantsi gari ya washe, Inna ta fito tsakar gida shanya kuɓewa. Tifa ta zo da yashi yana ɗiga. Dim na farko na ji shi daga zaure. Na biyun bai ƙare ba bangon ya tafi gaba ɗayansa, ya kwanta a kan hanya, rufin ya bi shi. Ba wanda ya ji rauni, Allah ya tsare.

Ƙasa da azara suka toshe hanyar. Kwana biyu cur ko tifa ɗaya ba ta ratsa garinmu ba. Tun da aka kafa kwamitin, wannan ce kaɗai nasarar da ya samu. Alhaji ya zo jaje da 'yan kwamiti, aka yi addu'a, aka shafa, sannan ya ja ni gefe ya tambaya cikin ladabi yaushe za mu kwashe ƙasar, don masu sana'a sun fara kuka.

Ina tsaye ina tunanin abin da zan gaya masa, sai na hangi Inna a kan tarin ƙasar, ta tattare zani tana jujjuya ɓaraguzai. Na ɗauka kwanuka take nema. Na je na ce, “Inna, ki bari, zan sayo wasu. Zan gina miki sabo, na bulo da siminti, wanda ko jirgin ƙasa ba zai girgiza ba.”

Ba ta dube ni ba. Ta ɗago wani guntun yaɓe kamar faɗin faifai, ta hure ƙasar da ke kai. Yatsu uku dogaye, ɗaya gajere. Ta naɗe shi a gefen mayafinta.

Ta ce, “Gina, Sakatare. Kai ma ka sa hannunka a jiki, 'ya'yanka su san wanda ya yi.”

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har yau kuma ba ta sake ni ba. Na gina ɗakin. Guntun yaɓen yana cikin kwallarta, ƙarƙashin zannuwan Sallah. Tudun yana nan, an ma ƙara masa tsayi bara, kuma direbobi in suna kwatance sukan ce a haɗu a tudun sakatare.