Ƙahon Saniyar Surukina

A shekarun da suka biyo bayan babban farin nan da ya cinye dabbobin ƙasarmu, ina aiki a asibitin dabbobi na Gumel. Ni ba likita ba ne, malamin dabbobi ake ce mini. Aikina allurar rigakafi, wanke gyambo, da duba shanu ranar kasuwar Maigatari. Ban daɗe da aure ba. Matata 'yar Fulanin zaune ce daga wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar, kuma a lokacin tana can gidansu wankan jegon ɗanmu na fari. Tun ranar suna ban sake taka garin ba. Ba wanda ya hana ni, amma wa zai so a ce ya kasa haƙuri, ya biyo mace da jariri gidan surukai?

Ana tsakiyar bazara sai wani mutumin ƙauyen ya kawo mini saƙo daga surukina. Ya ce ƙahon farar saniyarsa ya lanƙwaso ya shiga kuncinta, har ta daina kiwo. Na san saniyar. Ita kaɗai ce ta tsira daga tsofaffin shanun gidan a farin, duk sauran garken 'ya'yanta ne da waɗanda aka sayo daga baya. Samarin gidan sun kora garken kudu neman ciyawa, ita aka bar ta saboda tsufa. Ba yadda zan yi in tura wani. Na ɗauki jakata da babur ɗin ofis na kama hanya.

Hanyar yashi ce zalla. Ina dab da garin ƙafar gaban babur ta nutse, ya watsar da ni, na dafe ƙasa da hannun dama. Na ji wuyan hannun ya yi ƙara. Na tashi na kakkaɓe rigata, na duba ko wani ya gan ni, na ja hannun riga na rufe wurin.

Na tarar da surukina zaune gindin wata aduwa a bayan gida, saniyar na ɗaure a turke kusa da shi. Dogon tsoho ne siriri, marar yawan magana. Tun daga nesa na tuɓe takalma, na durƙusa, idona a ƙasa.

"Baffa, kun wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ka sha rana."

Tun da na auri 'yarsa, maganarmu ba ta taɓa wuce haka ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Idan na hango shi a kasuwa layi nake sakewa, shi ma na lura yakan sami abin kallo a wani gefen.

Ƙahon hagu ne ya zagayo kamar lauje, tsininsa ya huda fata ƙasa da ido kaɗan. Wurin ya ruɓe, ƙudaje sun yi masa baƙi. Zarto ba zai shiga nan ba tare da ya taɓa idon ba, don haka na fito da wayar yanka. Siririyar waya ce ta ƙarfe, murɗaɗɗiya kamar igiya, mai kaushi, da mariƙi a kowane baki. A zagaya ta bayan ƙahon, a riƙa ja dama da hagu, ita kuwa tana ci. Duk sirrinta a ɗamewa yake. In ta yi sako-sako sai ta fice daga gurbin da ta fara ci, ta nannaɗe, ta yanki abin da ba a nufa ba. In kuma aka ɗame ta fiye da kima sai ta cije, ta yi zafi, ta tsinke a hannun mutum. Bayan na tsufa na ga wani inji a wajen masu fasa dutse yana yanka dutse da waya mai ƙwayoyin lu'ulu'u, mai kula da shi ya ce mini rabin aikinsa daidaita ɗamewar wayar ne. Na ce masa na sani.

Wani dattijo maƙwabcinsu ya zo ya taya mu kayar da saniyar, ya danne wuyanta da gwiwa. Saura mai riƙe igiyar ƙafafun baya, kuma babu namiji a kusa. Surukina ya yi magana da Fulatanci ta kan zana. Can sai ga surukata ta fito, ta ja mayafi har goshi, ta kama igiyar ta juya mini baya. Na gaishe da bayan nata, ta amsa ƙasa-ƙasa. A bayan zanan kuma ina jin kukan jariri, da muryar da na sani tana rarrashinsa. Na yi kamar ban ji ba.

Na zira wayar tsakanin ƙaho da fata, na kama mariƙan biyu, na fara ja. Ban je ko'ina ba hannun dama ya ƙi. Wani zafi ya harbo har kafaɗata, mariƙin ya suɓuce ya faɗi a yashi. Hannun rigar ya zame, kumburin ya fito fili.

"Malam, hannun nan fa?"

"Ba komai, Baffa."

Ya tattare rigarsa, ya durƙusa a gabana, ya ɗauki mariƙin da ya faɗi. Ni da hannun hagu a baki ɗaya, shi a ɗaya bakin, kan saniya a tsakaninmu, gwiwoyinmu na neman haɗuwa. Ina jin numfashinsa. Ban san inda zan sa idona ba.

Mutum biyu a kan waya ɗaya sai da fahimtar juna. In ɗaya ya ja, ɗayan ya bi shi amma yana riƙe, ba sakar masa zai yi ba. Ya kamata in faɗa masa haka tun farko, amma bakina ya yi nauyi, ta yaya zan koya wa surukina aiki? Da ya ja sai in sakar masa duka, don ina ganin jayayya da shi rashin ladabi ne. Da na ja shi ma sai ya sakar mini. Wayar ta riƙa lilo tsakaninmu, ta fice daga gurbinta, ta goge kuncin saniyar. Jini ya tsatso.

"A ɗan riƙe, Baffa," na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta.

"To," ya ce.

Na mayar da wayar. Wannan karon ya riƙe gam, ni ma na riƙe, wayar ta cije a cikin ƙahon ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na ji zare ɗaya daga cikinta ya tsinke. Ba ni da wata wayar. Na sassauta, shi ma nan take ya saki gaba ɗaya. Daidai nan saniyar ta fizge kai, dattijon da ke danne ta ya karkace, wayar ta zame ta hau kan fatar idon. Na ga idon a buɗe ƙarƙashinta, yana juyawa.

Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Kai! Ja mana! Kada ka saki! Ka riƙe na ce!"

Da ƙarfi na faɗa, irin tsawar da nake wa masu kora shanu a kasuwa, kuma idona cikin nasa. Tsohon ya ja. Wayar ta miƙe ta bar idon, ta koma gurbinta.

"Yanzu biyo ni. Riƙe! Ja! Haka!"

Sai aikin ya hau. Wayar ta ɗame daidai, tana wani siririn kuka, garin ƙaho na zuba, ƙauri ya tashi. Ina ba da umarni yana bi, har tsinin ya ɓalle ya faɗo a cinyar surukina.

Sannan ne na ji shirun. Jaririn ma ya daina kuka. Dattijon maƙwabci ya sunkuyar da kai yana kallon kunnen saniya kamar yau ya fara ganin kunne. Kafaɗun surukata na rawa, ban sani ba ko dariya take ko mene ne. Abin da na faɗa ya dawo mini kalma bayan kalma. Na ce wa uban matata "kai". Na daka masa tsawa a bayan gidansa, matarsa na ji, 'yarsa na ji. Na ji da ma ƙasa ta buɗe.

Na wanke gyambon, na cire tsutsotsin, na shafa magani, duk ban ɗaga kai ba. Aka kwance saniyar, ta miƙe tana girgiza kai. Surukina ya juya guntun ƙahon a tafinsa, ya sa a aljihu.

"Sannu da aiki, Malam," ya ce, da muryarsa ta kullum. "A kai ka wurin maɗori."

"Baffa, ku yi..."

"Targaɗe ba ya son jira," ya ce, ya tafi kwance awaki.

Aka kai ni aka ja hannun aka ɗaure. Aka aiko mini da ƙwaryar fura da nono, na kasa sha. Na bar babur a gidan maƙwabcin, na bi motar 'yan kasuwa na koma Gumel ban yi sallama da kowa ba. Wani abokin aikina na roƙa ya je ya ɗauko babur ɗin.

Da matata ta gama wanka ta dawo, na daɗe ban tayar da zancen ba. Wata rana dai na tambaye ta, ina kallon bango, ko Baffa ya ce wani abu.

"Cewa ya yi ashe kana da murya," ta ce, ta toshe baki da gefen zane.

Sai da damina ta wuce na iya komawa, shi ma don an yi musu rasuwa ne. Na tsaya a rijiyar bakin gari in wanke fuska. Ƙanwar matata na can tana kora jakin da ke jan guga, ba ta gan ni ba. Jakin ya tirje, sai na ji ta kumbura murya ta ce, "Kai! Ja mana! Ka riƙe na ce!" Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ta waiwayo muka haɗa ido, ta yar da sanda ta ruga gida.

Na hau babur na juya kansa ina shirin komawa inda na fito. Ashe surukina na zaune a inuwa yana jiran a cika wa dabbobinsa kwamin ruwa.

"Malam," ya ce, yana kallon jakin, "sauko ka sha ruwa."

Na sauko na tuɓe takalma.