Kalmar da ta kusa sa ni takaba

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne yayana Haruna, kuma har yau in na ji jikokina suna cakuɗa Hausa da Turanci da Tuwi a magana ɗaya, shi nake tunawa.

Akawu ne a ofishin wani lauya a unguwar Adabraka, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. A can ya kwaso kalmomin Latin da lauyoyi ke sakawa a Turancinsu, ya kawo mana su gida, unguwarmu Nima. Ko da mai sayar da tuwon kenke yake ciniki sai ya jefa mata "vice versa" ko "bona fide". Samarin layinmu suka laƙaba masa Lauyan Zango, mu ma a gida dariya muke yi masa. Bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce Turanci ma maroƙi ne kamar Hausarmu ta Zango, abin da ya ara ya fi abin da ya gada.

Mijina Isaka direban lori ne a tashar Tudu. Wata rana faɗa ya ɓarke a tasha, wani ɗan kaya, wato ɗan dako, ya rasu, aka kwashe duk wanda ke kusa, har da shi. Ina da tsohon ciki a lokacin, don haka ranar shari'a surukata ce ta je kotu tare da maƙwabciyarmu Amariya, wadda ke ɗan jin Turancin kasuwa. Kafin azahar suka dawo suna kuka tun daga bakin layi. Amariya ta rantse da kunnenta ta ji alƙali ya ce "dai", wato mutuwa, sannan aka fita da su Isaka. Nan da nan gida ya cika da mata. Wata tsohuwa har ta fara gaya mini yadda takabar mai ciki take. Ban yi kuka ba.

Labari ya iske Yaya Haruna a ofis, ya hau trotro, motar haya, ya zo. Bai yi wa kowa jaje ba. Ya zaunar da Amariya, ya roƙe ta ta maimaita abin da ya zo kafin kalmar. Ta yi ta lalube, can ta ce wani abu ne kamar "saini". Sai na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya durƙusa gabana ya ce, "Ƙanwata, sha ruwa. Sine die ya ce, ba Turanci ba ne, Latin ne. An ɗage shari'ar ba tare da sa rana ba. Ba wanda zai kashe mijinki."

Surukata ba ta yarda ba sai da ya koma kotun da ƙafarsa ya tabbatar: shaidu ne ba su zo ba. Maigidansa lauya ya tsaya, aka ba da Isaka beli. A hannun Isaka aka raɗa wa 'yarmu suna.

Nakan tambayi kaina me Yaya Haruna zai ce da Nima ta yau, inda yara ke furta kalmomin da ba su san garinsu ba. Ina ganin daɗi zai ji, sai dai ya tsare su da tambaya har su gaji.

Yaya Haruna bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, littattafansa ma ruwan sama ya cinye su. Amma ga Isaka can a ƙofar gida, furfura ta rufe shi, yana jiran kiran la'asar. Duk Juma'a yakan taka zuwa kabarin ya yi masa addu'a, kuma in ya dawo yakan gaya mini ya sanar da shi cewa har yanzu kotu ba ta sa ranar ba.