Kumatun da Na Cika da Fensir

Wuyanta na fara gani. Ina zaune a ƙofar shagonmu na ɗaukar hoto da ɗan littafin soyayya a hannu, irin waɗanda direbobi suka fara kawo mana daga Kano, sai ta tsaya tana kallon hotunan da muka jera a allon gilashi. Dogon wuya ne, irin wanda masu rubuta littattafan nan kan cika shafi guda suna yabo. Sai da na sauke ido na ga ƙasusuwan da ke ƙarƙashinsa sun fito, sun bar ramuka biyu. Tana goye da yarinya 'yar kamar shekara biyu, kanta ya kwanta gefe, gashinta ya yi ja.

Shekara ta biyu ke nan da ruwa ya ƙi. Mutanen ƙauye sun cika bakin Damagaram da bukkokin kara da tsumma, matansu na bi gida gida a Birni suna daka da surfe, a sallame su da tsaki ko dusa. Ni kuwa ina da shekara ashirin da shida, ina ci sau biyu a gidan kawuna, kuma rabin raina yana cikin littattafai inda kowace yarinya fara ce mai dara-daran idanu, kowane saurayi kuma yakan dawo a shafin ƙarshe.

Shagon na Kawu ne, ƙanen mahaifiyata. Shi ya koya mini ɗauka da wanki. Gyaran hoto kuwa, abin da muke kira ratush, a wurin wani na koya, kuma Kawu bai taɓa yafe mini ba. Aikin haƙuri ne. Za ka shafa wa nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, ɗan mai don fensir ya kama, ka ɗora shi a gilashi mai haske daga ƙasa, ka fiƙe fensir ya zama kamar allura, ka bi inuwar fuska ɗigo ɗigo kana cikewa. In an wanke, ƙuraje sun tafi, tamoji ya tafi, ramin ido ya cika. 'Yan mata da angwaye wurina suke zuwa. Masu neman hoton katin shaida da tsofaffin da ke son barin kamanninsu ga jikoki, su ne na Kawu.

Bayan la'asar masu hoton gari, mu biyar ko shida, mukan haɗu shan shayi a ƙarƙashin dogonyaron da ke gaban shagon, kuma kusan kullum gardamar ɗaya ce. Kawu ya ce hoto shaida ne, mai gyara shi kuwa shaidar zur yake yi. Ya yarda a cire ƙurar da ta faɗa kan nagatif, don ba a fuskar mutum take ba, amma tsaga ko tabo ko furfura, ya ce ba shi ya sa su ba, ba shi zai cire ba. Sauran suka ce mutum ba ya wanka ya sa turare ya zo a nuna masa abin da madubi ke nuna masa kyauta. Wani mai shago a kusa da tasha ya ce duk wanda Kawu ya ɗauka sai ya fito kamar jandarmomi na nemansa. Kawu ya kurɓi shayi ya ce gara haka da wanda aka ba hoton aikinka, ya je zance, ya tarar da yarinyar a ƙofar gida yana tambayarta ko ta san inda mai wannan hoton take. A yi dariya, a zuba na biyu. Ni nakan ce kyau ma gaskiya ne, gaskiyar da ido mai so yake gani. A littafi na tsinci maganar, kuma ina jin daɗin yadda take fita daga bakina.

Matar ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta yi wa Kawu bayani. Daga wani ƙauye take a ƙasar Garagumsa. Mijinta ya tafi Legas tun kafin damina ta farko ta lalace, yana gadi a wani wurin gini. Sau uku tana aika masa saƙon baki ta hannun wani direban kamyo, babbar motar kaya, mutumin garinsu, cewa rumbu ya ƙare, awaki sun ƙare, ta baro gida. Amsarsa ɗaya ce, wai kowa a Legas irin wannan saƙon ake kawo masa, mata kullum haka suke cewa, ta ƙara haƙuri. Ba ta iya rubutu ba, shi ma bai iya karatu ba. Wata maƙwabciyarta a bukkoki ce ta ba ta shawarar hoto.

"Baba, so nake ya ga yadda muka koma," in ji ta. "In ya gani da idonsa zai taso."

Ina nan zaune, na ji kowace kalma. Ba zan iya cewa ban gane ba.

Kawu ya ce a ɗauke ta kyauta, don Allah. Na tashi zan sauke labulen da muke alfahari da shi, mai zanen bene da lambu kore da jirgin sama, ya ce in bar shi, in rataya farin ƙyalle. Na miƙa mata ɗankunne da mayafin da muke ara wa 'yan mata, ta girgiza kai. Ta sauke yarinyar, ta cire mata 'yar rigarta, ta zaunar da ita a cinya tana fuskantar na'ura, haƙarƙarinta a lissafe, cikinta a kumbure. Ita kuma ta ja kallabinta baya don fuskarta ta fito duka. Ba ta yi murmushi ba. Kawu da kansa ya danna.

Direban zai tashi jibi da safe. Ita ba za ta samu zuwa karɓa ba, don gidan da take wa daka ba sa sakinta sai rana ta faɗi, saboda haka aka shirya ni zan kai masa a tasha. Washegari aka kira Kawu Takieta ɗaukar hotunan katin shaida, aikin kwana uku. Yana ɗaura jakarsa ya ce mini, "Na matar nan, ka wanke shi yadda yake. Ka ji ni ko?" Na ce na ji.

Na wanke gwaji ɗaya yadda yake, na tsaya ina kallonsa a cikin tasa. Abin da na gaya wa kaina shi ne, namijin da ke Legas, inda mata ke yawo da jan baki da takalmi mai tsini, in ya buɗe ambulan ya ga wannan, tsoro zai ji, kunya za ta kama shi, ya cusa hoton ƙarƙashin tabarma kada abokansa su gani. Amma in ya ga matarsa kamar ranar da aka kai masa ita, zuciyarsa za ta tsinke, ya kasa cin abinci, ya hau mota. Haka ake yi a duk littafin da na karanta. Har na hango shi yana saukowa a tasha da akwati, tana rufe fuska da mayafi. Na ga kaina a matsayin wanda ya haɗa su, wanda ba za su taɓa sanin alherinsa ba.

Tun hantsi har azahar ina kan nagatif ɗin. Na cike mata kumatu. Na cike ramukan wuya. Na share inuwar ƙarƙashin ido, na sa ɗan haske a leɓe. Sannan na koma kan yarinyar, na bi haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya har suka ɓace. Da suka ɓace, kumburarren cikin nan sai ya zama cikin yaron da ya ƙoshi da fura. Na lura da haka, na kuma ji daɗi. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na wanke biyu, na ajiye ɗaya don kaina, na liƙe ɗaya a ambulan na kai wa direba.

Da Kawu ya dawo ya tambaya, na ce an kai. Bai nemi gani ba, don bai zaci zan gyara shi ba.

Mako shida ko bakwai bayan nan, da rana tsaka, ta dawo. Tana riƙe da turmin atamfa ko warware shi ba a yi ba, da sabulu mai ƙamshi guda biyu. Yarinyar na bayanta, ba ta ko ɗaga kai. Ta ce direba ya dawo. Maigidan ya ce ya gode Allah da ya gan su cikin ƙoshin lafiya, ashe zaman birni ya karɓe su, har ya nuna wa abokansa hoton. Ya ce tunda haka ne zai ƙara shekara ya kammala abin da ya je nema, ga zane ta ɗinka. Ta faɗi wannan duka da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, sannan ta ce tana so a nuna mata abin da ya gani.

Kawu ya juyo ya dube ni. Na shiga ciki na ɗauko wanda na ajiye, a tsakiyar littafin da nake karantawa yake.

Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan cikin yarinyar da ke hoton. Ta tambaya ko wata ce aka ɗauka aka yi kuskure. A nan na yi abin da ya fi na farko muni, na ce haka na'ura take yi wani lokaci, haske ne.

"Faɗa mata gaskiya," in ji Kawu. Bai ɗaga murya ba.

Na faɗa. Na yi ta bayani, na ce don ya so ta na yi, don ya yi marmarin dawowa, na ce namiji kyau ke jawo shi. Ina magana ina jin yadda kalmomin suke zubewa a ƙasa.

"Malam mai hoto," ta ce, "ai ya san kyauna, da shi ya aure ni. Abin da bai sani ba na zo in nuna masa."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye hoton a kan benci, ta tambayi Kawu ko ya san wanda zai karɓi atamfar ya ba ta hatsi. Kawu ya aika gida aka auno mata gero, ya ce ta riƙe zanenta.

Fensir yana goguwa. Da ɗan auduga da mai, aikin da na yi rabin yini ina yi ya tafi kafin a tafasa shayi, fuskarta ta dawo yadda take. Muka wanke na gaskiya, na kai wa direba da kaina, na roƙe shi ya gaya wa mutumin abin da na yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce zai faɗa. Bayan wata biyu ya dawo mana da ambulan ɗin a liƙe. An gama ginin, masu gadi sun watse, wasu sun ce mutumin ya bi wani ɗan kwangila gabas, ba wanda ya san garin.

Yarinyar ta rasu kafin ruwan farko. Kawu ya je jana'iza a bukkoki, ni na ce zan tsare shago. Na sha gaya wa kaina cewa ko da uban ya taso, ba lallai ta rayu ba, yara da yawa sun tafi a shekarar nan da iyayensu maza a tsaye a kansu. Wataƙila haka ne. Amma hanya ɗaya matar nan ta samu ta yin magana da mijinta, ni kuma na karɓe na faɗi abin da ya fi mini daɗi.

Gardamar ƙarƙashin dogonyaro ta ci gaba kamar da. Na yi ta jiran ranar da Kawu zai kawo labarin don ya kashe bakin kowa, ya nuna ni da yatsa. Har ya rasu bai taɓa ba. Ya ci gaba da tsokanar mai shagon tasha, ni kuwa na daina sa baki, in aka tambaye ni sai in ce shayi ya yi ɗaci. Ban daina ratush ba, kada in yi wa kaina ƙarya a nan ma. Amare sun ci gaba da zuwa, na ci gaba da cire musu ƙuraje. Abin da ya canja kaɗan ne: nakan tambayi mutum wa zai kai wa hoton, da abin da yake so a gani, kafin in fiƙe fensir.

Labarin matar daga bakin direban na riƙa ji, don ya ci gaba da bi ta tasharmu har ya tsufa. Mijin ya dawo bayan damina uku, da rediyo da akwatin kaya, yana tambayar ina 'yarsa. Ta zauna da shi wata biyu, sannan ta je wurin liman da dattawan garin ta ce a raba su, ba ta kawo wani laifi ba, ta ce dai ba za ta iya ba. Ta koma Takieta wurin yayarta, ta auri wani mai gyaran keke, ta haifi 'ya'ya huɗu, duka sun rayu.

Sau ɗaya na ƙara ganinta, fiye da shekara ashirin bayan nan. Motarmu ta tsaya a Takieta a hanyar Maradi, sai ga ta a bakin titi tana tuyar ƙosai, ta yi jiki, furfura ta fito a gefen kallabi, tana yi wa wani yaron mota faɗa a kan ya taɓa mata matsami da hannunsa mai dauɗa. Mata biyu na taya ta, da alama ita ce uwar wurin. Fasinjoji suka sauka suka saya. Ni na zauna a kujerata har direba ya yi ham muka wuce.