Baiwa Matar Masaƙi

Ina cikin takaba Baiwa ta shigo gidana, ta ɗauki audugar da na kasa kaɗawa ta fita. Da ta maido ta, zaren abawa ne sumul. Daga nan na riƙa sa mata ido.

Mijinta Illa masaƙi ne a unguwarmu, nan Matameye. Shekarun da Nasara suka fara ɗibar mutane aikin dole, mai unguwa Aƙilu ya ɓoye ƙanensa ya nuna Illa. A gaban jama'a ya ce, "Ku tafi da wannan. Su masaƙa zaune suke ci, ba sa motsi sai an tsaya kansu da bulala." Illa ya faɗi da kaya a ka a hanyar Damagaram, aka rufe shi cikin rigarsa, ko likkafani babu.

Baiwa ba ta yi kuka mun gani ba. 'Ya'yanta ta tara, Isufu da Ummaru da Salamatu. Da aka zo neman yaran da za a kai lakwal, makarantar Nasara, cikin rumbu ta ɓoye su. A gida ta koya musu surorin da ta sani, ta roƙi wani tsohon abokin Illa ya nuna wa mazan saƙa.

Ga yadda take yi. Da safe ta yanka wa kowa aikinsa, sai ta yafa zane ta taho wurina ta zauna. Na ce, "Yaya Baiwa, kin bar yara da zare su kaɗai?"

"In na tsaya kansu ai Aƙilu ya yi gaskiya."

In ta koma ta tarar da saƙa a karkace ba ta duka. Cewa take, "Warware. Idonka bai gani ba sai nawa?" Ummaru ya sha kuka, har ya iya warwarewa tun ba ta dawo ba. Da suka girma, tun daga Kance ake zuwa sayen farin ƙyallen da suke saƙawa.

Shi kuwa Aƙilu, kwamandan Nasara ya tuɓe shi, 'ya'yansa da suka saba a yi musu komai suka watse. Da ciwo ya kwantar da shi ya aike ni wurin Baiwa neman yafiya, kuma a saƙa masa likkafani.

Na je na ce, "Yaya, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe."

Ta nuna mini Isufu yana saƙa, yana jefa ƙoshiya, ba kowa a kansa. Ta ce, "Shi Allah ne. Alfarma ɗaya nake roƙonki, ƙanwata. Koma ki gaya masa masaƙa sun ce sai ya taso ya tsaya kansu da bulala. Kuma kada ki sassauta mini ko kalma guda."