Nutson Baba a Tafkin Kuza

Bayan gobarar kasuwar Terminus ta Jos, masu sayar da tsofaffin littattafai suka koma baza kayansu a bakin titi. A wurin ɗayansu na tsinci wata mujallar Turawa ta masu nutso a teku. Hotunan kifayen ne kawai suka ja ni. Ina isa gida a unguwarmu ta Daɗin Kowa, maƙwabcina, wani dattijo da duk unguwa ke kira Baba, ya are ta.

Baba ɗan asalin Filato ne, ya yi ritaya daga aikin ruwan famfo, don haka duk maganar ruwa, daga rijiya har teku, yana ganin huruminsa ce. Bai iya iyo ba, bai kuma taɓa ganin teku ba.

Shafin ra'ayin masu karatu ne ya tayar masa da hankali. Wani ya yi ƙorafin an cika hotunan manyan kifaye, wata ta yabi labarin jirgin da ya nutse, amma ba wanda ya ambaci Jos, duk da tafkunan da masu haƙar kuza suka bar mana. Na ba shi shawara ya rubuta musu. Ya ce shi ba zai ba da ra'ayi a kan abin da bai gwada ba, gani ya kori ji.

Ranar Asabar da hantsi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya aro baƙin gilashin mai walda, ya yanko tiyon da matarsa ke ban ruwan kabeji da shi, ya kuma ɗaure silifas ɗinsa da roba. Mama, matar tasa, ba ta hana shi ba. Ta dai miƙo mini igiyar guga da tawul, ta ce in na dawo ba shi, kada ni ma in dawo.

Muka zaɓi gefen wani tafki marar zurfi inda shanu ke shan ruwa. Wani makiyayi na tsaye, ya dogara da sandarsa yana kallon ina ɗaura wa Baba igiya a ƙugu.

"Malam, wani abu ne ya faɗa ciki?" ya tambaye ni.

Na ce a'a.

"To me zai ɗauko?"

"Ra'ayi," in ji Baba, ya cusa tiyo a baki.

Duk wanda ya san ruwan Jos ya san sanyinsa ba ya wasa. Baba ya shiga yana rawar ɗari har ruwa ya kai masa cibiya, sannan ya tsuguna, kansa ya ɓace. Ni kuwa igiya a hannun dama, bakin tiyo a hagu, na ɗaga shi sama don iska ta shiga.

Hankalina duk yana kan ruwa, ban ankara ba wata farar saniya ta zo ta bayana. Ƙila ƙanshin kabeji ta ji. Ta sa hanci a bakin tiyon ta sunsuna, sannan ta yi wani irin huci a ciki.

Baba ya taso kamar an harbo shi, yana tari, ya nufi tsakiyar tafki maimakon gaɓa. Sai da ni da makiyayin muka haɗu muka jawo shi da igiya. Silifas ɗaya ya tsaya a laka.

Da na lulluɓe shi da tawul, ya shaida mana cewa ƙasan ruwan duhu ne ƙirin, kuma akwai wata babbar dabba a ciki mai numfashin ciyawa. Makiyayin ya ce cikin ladabi, da zai cire baƙin gilashin ya sake gwadawa, wataƙila duhun ya ragu. Baba ya ce abin da ya gani ya ishe shi.

Washegari bayan ya dawo daga coci muka zauna rubutu, yana faɗa ina juyawa zuwa Turanci. Ya so a bar zancen saniya. Mama ta leƙo daga kicin ta ce in ba a sa saniyar ba, ita za ta aika tata wasiƙar. Dole aka sa. Na kai gidan waya ba tare da na sa rai ba, don mujallar ta kwana biyu da fitowa.

Sai ga shi bayan watanni an aiko wa Baba sabuwar fitowar mujallar, da wasiƙarsa a shafin masu karatu. A ƙasanta editan ya gode masa, ya kuma roƙi jama'a kada kowa ya kuskura ya kwaikwaye shi. Baba bai damu da wannan ba. Ya zagaya da mujallar shagon aski, da wurin mai shayi, har layin karɓar fansho.

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai: sun rubuta sunan unguwarmu ba daidai ba, suka haɗe shi kalma ɗaya. Ya sa na rubuta musu gyara mai zafi. Wannan karon ba su amsa ba.